Baƙo da Mashi a Ruwan Dandi

Duk mai wayar zamani a cikinmu ya taɓa cin karo da irin hotunan nan masu motsi. Bature ne ya rufe idanunsa da gilashi, ya sa wasu dogayen takalman roba awa ƙafar agwagwa, ya ja numfashi guda, ya nutse cikin teku da bindigar mashi a hannu. Can ƙasa, cikin ruwa shuɗi garau, sai ya harbi kifin da ya fi shi tsawo ya fi shi nauyi. Wasan masu hannu da shuni ne. Mutum ya biya kuɗin jirgin sama daga ƙasarsu, ya yi hayar jirgin ruwa da ɗan jagora a inda ya je baƙunci, ya yi mako guda, ya ɗauki hoto rungume da kifinsa, ya koma gida. A kudancin Faransa, bakin tekun Bahar Rum, abin ya zama wasa a shekarun 1930, daga baya masu ƙarfin hali suka bar gaɓa suka nausa tsakiyar teku neman manya. A 1982 wani Ba'amurke mai suna Terry Maas ya harbo kifin da suke kira tuna mai nauyin kilo 180 a ruwan ƙasar Meksiko, kuma har yau masu wasan suna ambatonsa.

Abin da ya riƙe ni a hotunan nan kayan aikin ne. Ku duba da kyau in kun sake gani. Tsinin mashin yana cirewa daga sandar da zarar ya shige jikin kifi, sai ya gitta cikin nama ya ƙi fita. Doguwar igiya na ɗaure da shi, ƙarshen igiyar kuma na ɗaure da wani tulun roba mai yawo a saman ruwa. Kifi ya ja ya nutse, tulu ya dawo da shi, ya sake ja, har ya gaji. Maharbin ba ya kokawa da ƙarfin damtsensa, igiya da tulu ke yi mishi aikin. To, jama'a, ai wanga abu zago ne. Duk tsohon basarken da ke zaune bakin kogi a Gaya ko Tara ko Dole, in ka nuna mishi hoton zai gane shi kafin ka gama bayani: kan ƙarfe mai ƙayoyi da ke rabuwa da ƙota, igiya, da guntun icce maras nauyi da ke tasowa sama ya nuna inda dabba ta nufa. Da shi aka share ɗaruruwan shekaru ana farautar dorina da kada da ayu a kogin nan. Ƙanensa hargi, shi ne na kifi.

Saboda haka baƙo mai mashi da ya zo neman babban kifi ba sabon labari ba ne a ƙasar Dandi. Tarihin kogin nan kusan dukkansa labarin irin wanga baƙo ne, kuma ni da nake karatun kimiyyar harshe ina ganin sawunsa a cikin kalmomin da muke furtawa kullum.

Ga wanda bai san wurin ba, Gaya na can ƙuryar kudu ta jihar Doso, kusan kilomita 300 daga Yamai in an bi kwalta. Ka tsaya bakin ruwa, Malanbil ta ƙasar Benin na kallonka daga ƙetare. Ka juya gabas, tafiya kaɗan ka shiga Kamba ta jihar Kabi a Najeriya. Kogin, mu Hausawa Kwara muke ce mishi, Zabarmawa da Dandawa su ce Isa. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, lokacin da rafuka irin su Mekuru da Alibori da Sota ke kwararo ruwan sama da laka, kogi ya koma ja wur awa kunun jar dawa. Ta biyu kuma ruwan da aka yi ne a duwatsun Gini, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali yana zubar da lakarsa, sai cikin sanyi yake iso mu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa, ya fi na farko tsarki nesa ba kusa ba. Amma ko a lokacinsa, wanda ya nutse da gilashi a ido ba zai hangi nesa ba. Mai wasan teku da ido yake farauta, yana kwance cikin ruwa yana kallon kifi na zuwa. In ya kawo wannan dabarar ruwan Gaya, makaho ne da bindiga a hannu, ga kuma dorina ba ta san baƙo ba.

Basarke daga sama yake aikinsa. Mutum biyu cikin ɗan ƙaramin jirgi, na baya na tuƙi a hankali yadda filafili ba zai yi ƙara ba, na gaba na tsaye a goshin jirgi da hargi a ɗage. Abin da yake karantawa motsin ciyawa ne, da kumfa, da yadda fuskar ruwa ta ɗan lotsa. Ya san bargi, wanda wasu ke kira balli, yana share wuri kewayayye cikin burugu ya yi sheƙa in ruwa ya hau. Ya san yauni na tara ciyawa ya yi tasa sheƙar mai yawo, ya tsaya gadin ƙwansa, kuma yana cizo. Sai uban tafiyar, giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kapiten. Shi wurin zurfi yake so, gurbi da gindin duwatsu, kuma irinsa kan kai kusan mita 2 da nauyin da ya doshi kilo 200. Kun ga ke nan ba ya jin kunyar tsayawa kusa da tunan Ba'amurken can. Jifa guda ake yi. In an kuskure, kifin ya tafi, kuma ya tafi da labari.

Yanzu mu koma baya. Abdurrahman Sa'adi, malamin Tumbutu, ya rubuta littafinsa Tarihus Sudan wajen 1655, kuma da labarin baƙo mai mashi ya buɗe tarihin sarakunan Songai. Wasu ƴan uwa biyu ne suka fito daga Yaman, suka yi ta tafiya har suka iso Kukiya, wani tsohon gari a bakin kogin nan, kudu da Gawo, cikin ƙasar Mali ta yau. Sun iso a galabaice, ba sutura ta kirki. Suka tarar mutanen garin na bauta wa wani kifi mai zobe a hanci, wanda kan taso saman ruwa a wasu lokuta ya yi umarni ya yi hani, kowa ya bi. Ɗaya daga cikin baƙin ya jira ranar da kifin ya fito, ya jefe shi da ƙarfe ya kashe shi. Mutanen gari suka naɗa shi sarki. Shi ne Za Alayaman, kakan gidan sarautar farko. Sa'adi ya ce sunan ya fito ne daga jimlar Larabci mai ma'anar ya zo daga Yaman. Ni dai a matsayina na ɗalibin harshe irin wagga fassara ta suna ba ta cika gamsar da ni ba, domin duk gidan sarautar da ya musulunta a yankin nan sai ya nemo wa kansa kaka daga gabas, sa'an nan a lanƙwasa suna ya dace da labari.

Na san tuni wasunku sun tuna da Daura. Bayajida ma baƙo ne daga gabas, ya tarar da macijiya ta hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya sare ta da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera mishi. Gayar Kano fa, ba tamu ba, kada wani ɗan Dandi ya tafi yana cika baki. Ginin labaran biyu ɗaya ne: ruwa na da mai shi, mai shi na da doka, baƙo ya zo da ƙarfe ya kawar da shi, mulki ya koma hannun baƙo. Maurice Delafosse, wani jami'in mulkin mallaka na Faransa da ya yi rubutu kan tarihin yankin a 1912, ya fassara kifin Kukiya da cewa yana wakiltar Sorko, wato masu jirage da masu da ke riƙe da kogin kafin a karɓe iko daga hannunsu. Ba komai na Delafosse nake ɗauka ba, mutum ne mai son ganin farar fata a bayan kowace sarauta. Amma a wannan gaɓar ina ganin ya taɓo gaskiya. Abin da aka jefa a Kukiya ikon faɗin wa zai shiga ruwa ne, da yaushe.

Su Sorko suna da nasu labarin, kuma a nasu su ne masu jifa. Gwarzonsu Faran Maka Bote ne, ɗan masunci da aljanar ruwa. Yadda tsofaffi ka faɗi, yana da gonar shinkafa a tsibiri, kullum dare sai wani aljani, Zinkibaru, shi zo shi dinga kiɗa, kifaye su fito su cinye shinkafar. Anka yi ta fafatawa, da makami da baki, har Faran ya rinjaye shi ya amshe kayan kiɗansa da masunsa da iskokin da ke mishi biyayya. Daga nan Sorko sunka zama masu kiran iskokin kogi da yi musu kirari, tun daga Harakoy Dikko uwar ruwa har Dongo na tsawa. Ku lura da sunan nan Harakoy. A harshen Songai hari shi ne ruwa, koy shi ne mai abu ko shugaba. Mai ruwa ke nan, ba ƙari ba ragi.

Da daular Songai ta kafu sosai, Sorko suka zama jiragenta. A fadar Askiya akwai Hi-koy, mai jirage, da Hari-farma, mai kula da sha'anin ruwa. Daular da ta miƙe bisa kogi tun daga Jenne har ƙasarmu ta Dandi ba za ta motsa hatsi ko mayaƙa ba sai da su. Ƙarshen wannan zare na kudu ya zo ya haɗu da ƙasar Kabi, domin Gulbin Kabi cikin Kwara yake zuba, ƙasa da mu kaɗan. Wajen 1517, bayan yaƙin Agadas, Kanta na Kabi ya ɓata da Askiya Muhammadu a kan rabon ganima, ya ɓalle, kuma Songai ba ta sake maido shi ba. Masu jiragen da ke wannan ɓangaren suka zama mutanen Kanta. Suka zauna cikin Kabawa, suka yi aure, jikokinsu suka tashi da Hausa a baki. Haka P. G. Harris, jami'in Ingila a lardin Sakkwato da ya yi rubutu kan masuntan Kabi a 1942, da Jean Rouch Bafaranshe, suka danganta Sarkawa da Sorko.

A nan ne nake so mu ɗan daɗe, don nan ne gonata. Da yawa in ka tambaye su asalin kalmar basarke sai su ce daga sarki ta fito, wai sarkin ruwa. Kunne ne ya ja su. Hausa na da wata ɗabi'a da duk ɗan shekarar farko a sashenmu ya sani: ba ta son wasalin e ko o cikin rufaffiyar gaɓa a tsakiyar kalma, sai ta mai da shi a. Shi ya sa jam'in reshe ya zama rassa. Shi ya sa ake rubuta zobba amma da yawanmu zabba muke cewa. To, ɗauki Sorko. Gaɓar farko sor ce, rufaffiya. Ta shiga bakin Bahaushe ta koma sar. Saiwa ta zama sark, aka yi mata ɗafin da ake yi wa kowace ƙabila: Basarke awa Bakatsine, Sarkawa awa Katsinawa, sarkanci awa Katsinanci. In kuna son shaida ta biyu, ga ta ƙarƙashin ƙafarmu. Masu ƙasar Dendi suke cewa, kalmar da a Songai ke nufin gangarawa da ruwa, wato ɓangaren da kogi ya nufa. Mu muka ce Dandi, Dandawa, Dandanci, har ƙaramar hukumar da Kamba ke shugabanta a Najeriya sunanta Dandi. Doka guda ce ta yi aiki a kan sunan mutanen da sunan ƙasar.

Abin da ya fi burge ni shi ne Hausa na da tata kalmar tun asali. Su, masunci, masunta. Wannan shi ne kamun kifi na gulbi da tafki da fadama, da homa da gora da hannu, irin wanda duk duniya ke zuwa kallo a Matan Fada ta Argungu tun da aka mai da shi biki a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Harshen da ke da kalma ba ya aro wata a banza. In ya aro, to wani abu ne ya shigo wanda tsohuwar kalmar ba ta rufe shi ba. Abin da ya shigo shi ne babban ruwa: jirgi, zurfi, dorina, mashi mai igiya, da asirin da ke tafiya da su. Sunan ƙabila ya rikiɗe ya zama sunan sana'a, har yau za ka ji an kira mutum basarke alhali ba shi da kaka ko guda a Songai. Sunan makamin ma haka. Rouch ya rubuta zogu daga bakin Sorkon arewa, mu muna cewa zago. Hargi kuwa na bakin kowa, da mai Hausa da mai Songai, kalmar jirgi ce, tana hawa tana gangara ba wanda ya tambaye ta takarda. Kuma sauya harshe ba baƙon abu ba ne a nan. Kyangawa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar Gaya, mafi yawansu yau Hausa ko Dandanci suke yi.

A 1591 sojojin Maroko da bindigoginsu suka karya Songai a Tondibi. Ragowar gidan Askiya suka gangaro Dandi, Askiya Nuhu ya yi shekaru yana yaƙin sari-ka-noƙe cikin dazuka da fadamun yankin nan. Daular ta tafi, amma harshenta ya zauna, shi ne Dandancin da ake yi a kasuwar Gaya da Malanbil da Karimama. Tun daga lokacin Gaya ta zama wurin da harsuna biyu ke jingine da juna, kuma masu ruwa na jin duka biyun.

Sai zamani ya juyo da abin. A rabin farko na ƙarni na 20 Sarkawan Kabi da Yawuri suka riƙa hawa kogi kowace shekara cikin manyan jirage, da iyalansu da kayansu, su wuce ta gaban Gaya, su wuce Yamai da Tilaberi, wasu har cikin Mali. Su kafa bukkoki a kan yashi, su kama kifi, su yi banda, su gangara da ita kasuwannin Najeriya har Onica. Rouch ya yi musu rubutu na musamman a 1950, ya kira su masunta matafiya. Ku dubi abin da kyau. Jikokin mutanen da suka gangaro da Songai a baki sun koma ƙasar kakanninsu da Hausa a baki, a matsayin baƙi. Kuma makamin da suka fi dogara da shi a wannan karon taru ne, babba, wanda ke share ruwa ya kwaso na kwasowa. Masu sunan mashi su ne suka kai taru inda mashi ke sarauta.

Sai dai baƙuncin nasu na da ƙa'ida. Kowane yanki na kogi na da mai shi. Songai na kiransa do, mu mu ce sarkin ruwa. Shi ya san gurbin da ba a taɓawa sai ranar da aka buɗe shi, shi ake kira in jirgi ya kife ko kada ya ɗauki mutum, shi ke neman gawa. Baƙo in ya iso ba ya jiƙa taru sai ya je ya yi gaisuwa, an nuna mishi inda zai sauka da inda ba zai shiga ba, kuma in ya kama ya fitar da rabon mai ruwa. Wani dattijo da na zauna da shi a bakin kogi lokacin hutu, ina ce mishi Baba yana ce mini ɗana, ya nuna mini cewa gaisuwar nan ba ladabi kaɗai ba ce. Wanda bai gaida mai ruwa ba, in ya nutse ba wanda ya san inda za a neme shi. Na ga hikimar. Mai wasan teku ma da ya biya ɗan jagora, abin da yake saye ke nan, sanin ruwan da ba nasa ba. Bambancin shi ne ɗan jagora ba ya iya ce mishi yau ba a shiga.

Wanda ya zo bai gaida kowa ba shi ne Nasara. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingila, Gaya a hannun Faransa, aka yanka ruwan da Basarke ke ɗauka guda ne. Daga baya hukumar mallaka ta hana farautar dorina sai da izini. A 1954 aka mai da dajin da ke lanƙwasar kogi sama da mu gandun da ake kira W, yankin da masu bori ke cewa nan ne mazaunin Harakoy. Dorina ita ce jarrabawar basarke, ita ke tara mutum ashirin cikin aiki guda, ita ke sa a ƙera zago a kira shi da suna a yi mishi kirari. Da aka hana ta, an cire wa sana'ar kai.

Abin da ya rage mana na gani da ido, wani baƙon ne ya ɗauke shi. Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, sun bi kogin nan cikin kwalekwale tun daga mafarinsa har teku a 1946 zuwa 1947, sun wuce ta ruwan Gaya. A 1951 Rouch ya koma Ayoru da Firgun, can arewa kusa da iyakar Mali, da izinin hukuma, ya ɗauki farautar dorina da Sorko 21 suka yi, tare da abokinsa Damure Zika wanda shi ma ɗan gidan Sorko ne. Sun gina babban jirgi musamman don aikin. Sun kashe wata, amma tsohon namijin da suke nema ya farfasa musu jirgi ya tafi da masu a jikinsa. Abin da nake so a labarin ya faru ne a 1954, da Rouch ya koma Ayoru ya haska musu silman a jikin farin ƙyalle. Suka kalla, suka sake kallo, sa'an nan suka ce ya cire kiɗan da ya sa a wurin farauta. Dalilinsu, dorina na ji a ƙarƙashin ruwa, kuma kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Ya cire. Baƙo ne da ya karɓi gyara daga masu ruwa, kuma ba su da yawa a tarihin nan.

Sauran labarin da sauri ya tafi. Zaren nailan ya shigo a shekarun 1950 da 1960, mai arha, ba ya ruɓewa, kuma yaron da bai san sheƙar yauni ba zai iya shimfiɗa kalli da yamma ya kwashe da safe. A 1968 aka gama madatsar Kainji, masunta da yawa suka koma bakin sabon tafkin, banda kuma ta bar jirgi ta hau mota. Sai fari, na 1973 da na 1984. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Fadamun da kifi ke hayayyafa suka tsuke, aka mai da wasu gonakin shinkafa. Kifi ya ragu, masu kama shi suka ƙaru, idon taru ya riƙa ƙanƙancewa. Giwan ruwa sai ya shekara da shekaru kafin ya yi girman da zai cancanci jifa, kuma taru mai ƙaramin ido ba ya ba shi waɗannan shekarun.

A 1998 Nijar ta yi dokar farauta da ta sa dorina da ayu cikin dabbobin da ba a taɓawa sam, ta kuma yi dokar kamun kifi da ta ɗora izini a hannun ma'aikatan ruwa da dazuka. Ba na cikin masu cewa a bar mutane su ƙarar da ayu. Amma takardar izini ba ta san gurbi ba, ba ta neman gawa, kuma wanda ya biya kuɗinta ba ya jin akwai wanda ya rage ya gaida. A 2017 mutanen yankin Ayoru suka kashe dorina fiye da 20 saboda ɓarnar gonaki da kisan dabbobi. A da, aikin mutane sanannu ne masu ƙa'ida su cire dorinar da ta fitini gari. Da aka kawar da su, sai fushin jama'a ya maye gurbinsu.

Har iyakar ƙasa ma ta bi ta kan gidan giwan ruwa. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete da ke sama da Gaya, har suka kai ƙara kotun duniya ta birnin Heg. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, ta kuma ce iyaka ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage. Wato daidai inda babban kifi ke kwana. Basarken da ya tsaya a goshin jirginsa a wannan layin, in ya yi jifa dama yana gida, in ya yi hagu baƙo ne.

Na gwada tambayar abokan ajinmu, waɗanda Hausa ce harshen uwarsu, mene ne zago. Kusan duka gara suka ce mini, babbar nan mai kai. Ba su yi kuskure ba, akwai wannan ma'anar. Ɗayar ce ba ta iso su ba, har da waɗanda suka tashi a bakin kogi. Ƙarfen kansa yana nan a ɗakunan wasu tsofaffi, a soke cikin rufin bukka ko a ƙarƙashin gado, ba ƙota ba igiya.

Jiragen kuwa sun samu wani aiki. Gadoji biyu ne tsakanin Gaya da Malanbil, ta 1958 da wadda aka gama a 1989. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, aka gitta manyan akwatunan ƙarfe a kan gada, sai duk mai son ƙetarewa ya gangara bakin ruwa. Fasinja da ɗalibai da ƴan kasuwa da masu jinya, kowa kwalekwale. Da yawa cikin matuƙan daga gidajen sarkanci suka fito, sun san inda yashi yake da inda ruwa ke juyawa ko da dare. Injin Yamaha ne a gindin jirgin, a goshi kuma, inda mai hargi ke tsayawa, buhunan shinkafa da jarkokin mai ake jibgewa.